Wace bishiya ya kamata mai fara bonsai ya saya a Kaduna?

Sadiya, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan bonsai, waɗannan bishiyoyi da ake reno a cikin kasko har su tsufa ba tare da sun yi tsawo ba. Na ziyarci wani wurin renon tsirrai a nan Kaduna, na tarar kayan nasu kashi biyu ne. A gaba, ƙarƙashin rumfar raga, an jera waɗanda aka riga aka gyara a cikin ƙananan kasake masu ƙyalli, kuma mai wurin ya ce daga ƙasar waje aka kawo su. Akwai junifa, akwai fikus mai kumburarren gindi, akwai kuma wata mai jan ganye da ya ce mapul ce ta Japan. A baya kuwa dashe ne na leda irin wanda muka saba gani: tsamiya, ceɗiya, kariya, rumman da buganbiliya. Kuɗin ɗaya daga cikin na gaba ya isa ya sayi na baya masu yawa. Ban sayi komai ba tukuna. Tambayata ita ce, wanda bai taɓa yin wannan aiki ba da wacce ya kamata ya fara, kuma me ake dubawa a jikin bishiya kafin a biya kuɗinta?

Alhaji Garba, Malali:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki saya. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki cire mapul daga lissafi gaba ɗaya. Bishiya ce ta ƙasashen da ake yin sanyi na gaske, kuma a kowace shekara tana bukatar makonni masu yawa a jere na sanyin da bai wuce digiri 7 ko makamancin haka ba, domin ta zubar da ganye ta huta, sannan ta yi sabon toho da ƙarfi. Hunturunmu na Kaduna, duk da rawar ɗarin da muke yi a Disamba da Janairu, da asuba yakan tsaya ne a wajen digiri 15, kuma kafin azahar rana ta sake buɗewa. Saboda haka mapul ba za ta samu hutun da jikinta yake nema ba. Za ta yi ta fitar da ganye ƙanana marasa ƙarfi, iskar hunturu ta ƙone bakinsu, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa abin da ya rage. Ba lallai ta mutu a watan farko ba, kuma wannan jinkirin ne yake sa mai ita ya zaci laifinsa ne.

Junifa ta fi ta juriya, domin akwai masu renon wasu nau'o'inta a ƙasashe masu zafi, amma ba ta mai koyo ba ce. Tana son sarari da iska da rana, ba ta zaman ɗaki, kuma tana da wani hali mai ruɗi: saiwarta takan mutu amma ganyenta ya ci gaba da zama kore na makonni. Mutum yana iya sayen wadda ta riga ta mutu a hanya bai sani ba. Idan har za ki duba ta, ki kankare ɓawon wani ƙaramin reshe da farce. Idan ƙarƙashinsa kore ne mai danshi tana da rai, idan ruwan ƙasa ne a bushe kuwa ki bar ta a inda kika gan ta.

Ni shawarata, ki koma baya wajen dashen leda.

Injiniya Nura, Kawo:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, na yarda da ku a kan mapul da junifa, amma ina ganin an haɗa fikus a cikin hukuncin da bai shafe ta ba. Wannan mai kumburarren gindi asalinta daga kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya take, wurare masu zafi da ruwan sama, kuma 'yar'uwar ceɗiya ce da durumi. Tana rayuwa a Kaduna lafiya lau. Sannan akwai wani abu da manya sukan manta: mai koyo yana bukatar abin da zai kalla ya ji daɗi tun ranar farko. Idan aka ce wa Malama Sadiya ta ɗauki sandar tsamiya a leda ta jira shekara biyar kafin ta ga siffar bishiya, ina tsoron sha'awar za ta gushe kafin damina ta biyu. Ta sayi fikus guda ɗaya da aka gyara, ta koyi ban ruwa da aski a kanta, sauran kuma ta ɗebo daga baya.

Alhaji Garba, Malali:
Injiniya, ban ce fikus ɗin za ta mutu ba, kuma maganarka a kan sha'awar mai koyo gaskiya ce. Abin da nake ƙi shi ne kuɗin da ake karɓa a kanta idan aka kwatanta da abin da za a koya daga gare ta. Wannan kumburin da ake gani saiwa ce da aka ciro sama, aka datse kan bishiyar, sannan aka yi mata aure da rassan wani nau'i mai ƙananan ganye. Dubban irinta ake yi a gonaki a kan tsari ɗaya. Idan ka duba inda rassan suka fito za ka ga tabon auren da kuma yankan da aka yi a kwance, wanda yakan daɗe bai rufe ba. Gindin da kansa bai yi kama da na tsohuwar bishiya ba, domin a wurare da yawa ya fi kauri a tsakiya fiye da ƙasa, kuma wannan aibi ne da almakashi ba ya gyarawa. Duk da haka, idan tana da hali ta sayi ɗaya don ado, ba zan hana ta ba. Kada dai ta ɗauka cewa a kanta za ta koyi gina bishiya.

Hajiya Binta, Barnawa:
Ƙanwata Sadiya, idan kin bi shawarar Injiniya, to ki duba kaskon kafin ki duba bishiyar. Irin waɗannan da ake shigowa da su sau da yawa akan zuba musu 'yan duwatsu a sama a manne su da gam domin kada ƙasa ta zube a hanya. Ki danna da yatsa. Idan duwatsun ba su motsa ba, to sai kin ɓamɓare su, domin suna hana ruwa da iska shiga kuma suna hana ki ganin ko ƙasar ta bushe. Ki ɗaga kaskon ki leƙa ƙarƙashinsa ki tabbata akwai huda. Na taɓa ganin wanda aka sayar ba shi da huda ko ɗaya, ruwa ya kwanta a ciki har ƙasar tana wari. Sai kuma ki juya ganye ki duba bayansa da hammatar reshe, inda fararen ƙwarin nan masu kama jiki suke taruwa. Idan kin ga ganye yana danƙo ko tururuwa suna hawa da sauka a jikin bishiyar, akwai ƙwari ko da ba ki gan su ba, kuma za ki kai su gida su bi sauran shukokinki.

Sadiya, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai. Baba Alhaji, idan na koma wajen na leda, ta yaya zan bambanta mai kyau da mara kyau? A idona duk kamar ɗaya suke.

Alhaji Garba, Malali:
Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, 'yata, kuma zan tsawaita a kanta. Mai sayen bishiyar inuwa yana duba sama ne, yana neman doguwa miƙaƙƙiya mai yawan ganye. Ke kuwa ƙasa za ki duba. Mafi yawan abin da ke sama za ki yanke shi nan gaba, kuma rassa da ganye ana iya sake fitar da su a damina ɗaya ko biyu, amma gindi da saiwa shekaru suke ɗauka, wani aibin nasu ma ba ya gyaruwa har abada.

Ki nemi izinin mai lambu, ki tsuguna, ki naɗe bakin ledar ƙasa kaɗan, sannan ki tone ƙasar da ke kewaye da gindin da yatsa a hankali. Masu reno sukan binne gindi da zurfi domin dashen ya tsaya, don haka ainihin inda saiwoyi suka rabu yakan kasance a ƙasa da abin da ido yake gani, wani lokaci da tsawon gaɓar yatsa biyu. Abin da kike nema shi ne saiwoyi da suka bazu ta kowace fuska daga wuri ɗaya, gindin kuma ya buɗe yayin da yake shiga ƙasa. Idan saiwa ɗaya ce ƙatuwa ta karkata gefe guda, ɗayan gefen kuma fayau, ki ajiye. Idan saiwar ta naɗe gindin ta shaƙe shi, ita ma ki ajiye. Daga nan ki bi jikin bishiyar da ido zuwa sama: ya kamata ta fi kauri a ƙasa, tana sirancewa a hankali. Wadda kaurinta ɗaya daga ƙasa har sama ba ta da amfani sai an datse ta an fara daga farko. Ɗan lanƙwasa a kusa da gindi alheri ne, haka kuma rassa na ƙasa-ƙasa, domin su ne za su zama rassan farko, kuma ko ba a bar su ba suna taimaka wa gindi ya yi kauri kafin a cire su.

Akwai wani abu da na lura da shi a kusan kowane lambu na bakin hanya. A can ƙarshe, jikin shinge ko bayan tankin ruwa, akwai dashen da suka yi kwantai shekara da shekaru, akuya ta ci kansu, aka datse su suka sake tohowa, ledar ta yage, gindin ya yi kauri ya karkace. Mai lambu ya gaji da su domin babu mai sayensu don inuwa, kuma su ne kayan bonsai na gaske. Sai dai ki gwada ɗaga ledar. Idan ta ƙi tasowa, saiwa ta fasa ta shiga ƙasa, kuma bishiyar daga can take shan ruwa. Kada ki bari a fizge ta. A yanke saiwar da wuƙa mai kaifi, a rage ganyen, a bar ta a inuwar lambun mako biyu ko uku. Idan ta farfaɗo sai ki ɗauka.

Game da adadi, kada ki sayi ɗaya tak, domin mai bishiya ɗaya ba ya barin ta ta huta: yau ya yanka, gobe ya lanƙwasa, jibi ya sauya mata ƙasa. Ki sayi uku ko huɗu, kuma gara biyu daga cikinsu su zama iri ɗaya, domin ki yi wa ɗaya aiki ki bar ɗayar, ki ga bambanci da idonki.

Malam Isa, Tudun Wada:
Ku gafarce ni, ni ba na wannan harka, karatu kawai nake yi. Amma zuciyata ba ta kwanta da abin ba. Bishiyar da aka halitta ta kai tsawon soro, a tsare ta a kasko ana yanke mata saiwa, ba azabtarwa ba ce? Ina jin kamar yunwa ake sa mata don kada ta girma.

Injiniya Nura, Kawo:
Malam Isa, tambayar tana da kyau, kuma mutane da yawa haka suke zato. Ba a hana ta abinci ko ruwa. Hasali ma ta fi bishiyar daji samun kulawa, domin kullum ana duba ta kuma ana ba ta taki a duk lokacin da take girma. Abin da ke tsayar da tsawonta shi ne aski da ƙarancin wurin saiwa, kuma yanke tsofaffin saiwoyi yana sa ta fitar da sababbi ƙanana, waɗanda su ne suke shan ruwa. Bishiyar da ke cikin wahala ba ta daɗewa. A gandun itatuwa na ƙasa da ke birnin Washinton na Amurka akwai wata bonsai da aka fara renonta tun 1625. Tana gidan iyalin Yamaki a Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, ta tsira, kuma Masaru Yamaki ya ba da ita kyauta ga Amurka a 1976. Har yanzu tana nan da ranta. Kuma bishiya ce kamar kowace: da za a ciro bonsai a dasa ta a fili a ƙyale ta, za ta koma girma irin na danginta.

Wannan ya tuna mini da wani abu da ya kamata Malama Sadiya ta sani. A intanet ana tallar wai irin bonsai, da hoton bishiya mai shuɗin ganye ko mai furanni kala-kala. Babu wani iri na musamman; ƙwayar bishiya ce ta yau da kullum, hotunan kuma an yi musu kwaskwarima. Sannan shigo da tsiro ko iri daga waje yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito.

Malam Isa, Tudun Wada:
Na gamsu da batun abinci. Sauran kuma zan ci gaba da sauraro.

Hajiya Binta, Barnawa:
Bari in koma kan zaɓen iri, domin har yanzu ba a faɗa wa Sadiya sunayen da za ta riƙe ba. A ganina ceɗiya ce ta farko, babu ta biyunta ga mai koyo. Tana jure yanka, tana toho daga tsohon itace, reshenta yana kamawa idan aka dasa shi da damina, kuma idan aka manta da ita kwana ɗaya ba ta mutuwa. Ganyenta matsakaici ne kuma yana ƙara ƙanƙancewa idan ana yawan askinta a rana. Shirinya ma haka. Amma durumi da gamji, duk da cewa dangi ɗaya ne, ganyensu ya yi faɗi da yawa; gamji a kasko sai ka ga ganye huɗu sun rufe bishiyar baki ɗaya.

Ta biyu buganbiliya, musamman tsohon kututture daga shingen da aka tumɓuke. Tana son rana, kuma tana fure sosai da rani idan aka rage mata ruwa. Aibinta shi ne ƙaya da kuma rassan da suke karyewa da zarar sun ƙosa, don haka tun suna ɗanye ake lanƙwasa su. Rumman ma yana yi, kuma lalle, wanda ba a cika tunawa da shi ba, yana da ƙananan ganye kuma yana cika da rassa idan ana datsa shi.

Kariya ita ce ta fi saurin ba da sha'awa saboda gindinta da furenta, kuma ina ganin ita ce amsar damuwar Injiniya: ga abin kallo tun ranar farko, kuma 'yar ƙasa ce. Ki tambayi mai lambu ko daga iri aka shuka ta ko reshe aka dasa, domin ta iri ce take yin babban gindi tun tana ƙarama. Amma ruwan jikinta dafi ne, har mafarauta a wasu sassan Afirka sun yi amfani da shi a kan kibiya. Idan akwai yara ƙanana a gida a ɗora ta inda hannunsu ba ya kaiwa, kuma a wanke hannu bayan an yanka ta.

Alhaji Garba, Malali:
Hajiya ta bar tsamiya, ni kuwa ita na fi so. Gaskiya ne tana da nawa, amma ganyenta ƙanana ne tun asali, ɓawonta yana tsattsagewa ya nuna tsufa, kuma bishiyar da ɗan Kaduna zai kalla ya gane ta ce. Sai dai 'yata, idan kin ga ta naɗe ganyenta da magariba kada ki ɗauka ƙishirwa ce ki ƙara mata ruwa. Ɗabi'arta ce, da safe za ta buɗe.

Kuka kuma tana da nata sharaɗi. Masu bonsai na Afirka ta Kudu sun daɗe suna renonta, har siffarta ta zama salo mai zaman kansa a wurinsu, kamar yadda suka yi wa bishiyoyin ƙaya masu shimfiɗaɗɗen kai salon da suka sa wa sunan mai zane Pierneef. Wannan ya nuna ba dole ba ne kowace bonsai ta yi kama da ta Japan. Sharaɗin kuka shi ne idan ta zubar da ganye da rani a daina ba ta ruwa kusan gaba ɗaya har sai ta fara toho, domin jikinta ma'ajiyar ruwa ne, kuma ban ruwa a lokacin hutunta ruɓar da ita yake yi. Gawo kuwa a bar shi a gona. Saiwarsa zurfi take nema, kuma da damina yake zubar da ganye, abin da zai rikita mai koyo.

Injiniya ya san tarihin Omiya, wani gari a Japan kusa da Tokyo. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, masu renon bonsai na birnin sun tashi suka kafa ƙauyensu a Omiya a 1925, suna neman ruwa mai kyau da iska da ƙasar da ta dace da bishiyoyinsu. Mu ba za mu bar Kaduna saboda bishiya ba, don haka bishiyar da ta yarda da Kaduna za mu ɗauka.

Bashir, Rigasa:
Baba, tun da na gida ake nema, me zai hana mutum ya shiga daji ta wajen Kujama ko hanyar Birnin Gwari ya haƙo tsohon kututturen marke ko kanya? Na ga a bidiyo Turawa da Japanawa suna haƙowa daga duwatsu, kuma sun fi na lambu kyau nesa ba kusa ba.

Alhaji Garba, Malali:
Ɗana Bashir, ban goyi bayan wannan ba. Ka bar batun tsaro a wasu hanyoyin, wanda kai ma ka sani. Daji yana da masu shi, ko gandun gwamnati ne ko gonar wani, kuma masu gawayi sun riga sun yi masa illar da ta isa. Ban da haka, bishiyoyin dajinmu saiwarsu tana tafiya da nisa neman ruwa, ƙananan saiwoyin da suke ciyar da ita ba a kusa da gindi suke ba. Mai koyo zai haƙo kututture babu saiwar sha ko ɗaya, ya kawo gida ya bushe. An yi asarar bishiyar da ta shekara talatin a banza.

Akwai hanyoyin da ba su cutar da kowa. Ceɗiya da 'yan'uwanta suna tsirowa a tsagar katanga da bakin kwata da kan rufi, inda tsuntsaye suka yar da irin, kuma mai gida zai gode maka idan ka cire masa. Akwai shingen da ake tumɓukewa idan za a yi gini. Akwai kuma fitar da saiwa a jikin reshe tun yana kan uwarsa: ka zaɓi reshe mai siffa, ka zagaye shi da yanka biyu, tazararsu ta kai kaurin reshen sau ɗaya da rabi, ka ɓare ɓawon da ke tsakani, ka kankare santsin da ya rage a jikin itacen, ka lulluɓe wurin da abu mai riƙe danshi kamar ruɓaɓɓen garin katako, ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa. Da damina ceɗiya takan cika ledar da saiwa a cikin wata biyu ko ƙasa da haka, sai ka yanke daga ƙasa ka dasa.

Sadiya, Unguwar Rimi:
Na rubuta ceɗiya biyu, tsamiya ɗaya da kariya ɗaya. Idan na kawo su gida, nan take zan mayar da su cikin kasko? Kuma wace ƙasa ake sawa? Barandata yamma take kallo.

Injiniya Nura, Kawo:
A'a, kada ki taɓa saiwarsu da zuwansu. Ki bar su a ledarsu su saba da wurin, sai damina ta kankama, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da iska take da danshi kuma bishiya take da ƙarfin maye abin da aka yanke. Sauya ƙasa a tsakiyar hunturu ko a zafin Maris kasada ce. Kuma ba kaskon ado za su fara shiga ba, domin a ƙaramin kasko gindi kusan daina kauri yake yi. Ki sa su a roba mai faɗi marar zurfi wadda aka huda ƙasanta da yawa, su yi shekara biyu ko uku a nan.

Ƙasar leda laka ce da taki, idan ta jiƙe ta riƙe ruwa, idan ta bushe ta ƙanƙame. Japanawa suna amfani da wani yumɓu mai ƙwaya-ƙwaya da ake kira akadama, amma ba sai kin neme shi ba. Ki sami fasassun jan bulo da aka gasa ko tsingaron tukunya, a daka, a tankaɗe da rariya biyu, a riƙe ƙwayar da ke tsakanin milimita 2 zuwa 6, kamar girman ƙwayar gero zuwa ƙaramar ƙwayar masara. A haɗa da yashin kogi mai manyan ƙwayoyi da aka wanke, da ɗan gawayi, da kashi ɗaya cikin huɗu na ruɓaɓɓen taki. Garin da ya fita a rariya a zubar, domin shi ne yake toshe huda. Gwajin mai sauƙi ne: idan kin zuba ruwa ya kamata ya fita ta ƙasa nan da nan. A watan Agusta, lokacin da ake kwana ana ruwa, za ki gane amfanin wannan.

Batun waya kuma ki jinkirta shi. Idan lokacin ya yi, ta alminiyam ta fi sauƙi, kaurinta kashi ɗaya cikin uku na reshen, kuma a jikin ceɗiya da damina sai ana dubawa kowane mako, domin reshen yana kumbura wayar ta nutse a ɓawo ta bar tabo.

Hajiya Binta, Barnawa:
Injiniya, a nan ina da ja. Wannan haɗi naka ya dace da damina, amma a barandar da ke kallon yamma, a watan Maris, zai bushe kafin la'asar, kuma Sadiya tana zuwa aiki. Ni ina ƙara takin ya kai kashi ɗaya cikin uku ga ceɗiya da tsamiya, in bar haɗinka ga kariya da kuka kaɗai. Kuma kada a ajiye su a kan siminti kai tsaye, domin zafinsa yana dafa saiwa. A ɗora a kan benci na katako, wanda kuma yake nisanta su da gara. Da hunturu a riƙa wanke ganyen da ruwa saboda ƙura.

Injiniya Nura, Kawo:
Hajiya, na karɓi batun benci. Batun taki kuwa ina nan a kan bakana, domin wadda ta bushe ana iya ceto ta idan an lura da wuri, amma wadda saiwarta ta ruɓe sai ganye ya fara zuba ake sani. Gara ta rataya raga ta tare ranar yamma, ta shayar da safe da kuma bayan ta dawo. Tun da ceɗiya biyu za ta saya, ta sa ɗaya a haɗina ɗaya a naku.

Alhaji Garba, Malali:
Hakan ya yi. Abu ɗaya ya rage game da tsamiyar, 'yata. Idan kin zare ledar za ki tarar da doguwar saiwa ta tsakiya, wataƙila ta naɗe a ƙasan ledar. Kada ki yanke ta duka a karo ɗaya kamar yadda za ki iya yi wa ceɗiya. Ki duba ko akwai ƙananan saiwoyi a sama kusa da gindi; idan suna da yawa ki cire rabin doguwar, idan kaɗan ne ki cire kashi ɗaya cikin uku, sauran sai damina mai zuwa. Ki rage ganyen daidai da abin da kika rage na saiwa, ki ɗaure bishiyar a jikin robar ta cikin hudojin domin iska kada ta girgiza ta, ki ajiye ta a inuwa mai haske mako biyu, kuma kada ki ba ta takin zamani sai kin ga sabon toho ya buɗe.